Fangali Huɗu

Na dawo daga Jiratawa da laka har gwiwa,
ruwan kanal bai zo ba sai bayan la'asar.
Na tarar da Barira a bakin ɗaki,
kaye a cinya, biro a baki,
ido ya yi ja kamar tattasan kaka.

Na ce, wa ya taɓa ki?
Ta ce, Mushe Nayusa, da jan alƙalami.
Ni ban shiga lakwal ba,
amma na san sifiri in na gan shi,
ga shi nan ƙato kamar bakin tulu.

Ta karanta mini a hankali:
x da uku a cikin baka,
sau x da biyu a cikin baka.
Na ce, wane ne x?
Ta ce, ba a san shi ba, Baba, ko nawa yana iya zama.
Na ce, ashe baƙo ne. A shimfiɗa masa tabarma.

Ita ta haɗa na gaba da na gaba,
na baya da na baya,
ta samu x mai hular biyu a ka, da shida,
ta rufe kaye, wai ta gama.

Na karyo kara, na share ƙasa da tafi.
Ga lambu, na ce.
Tsawonsa baƙon nan da taki uku,
faɗinsa baƙon nan da taki biyu.
Na ja layi a tsaye, na ja a kwance.
Ƙirga mini.
Ta ce huɗu.
To ke biyu kika ba ruwa,
babban na kusurwa da ɗan ƙaramin can.
Dogayen nan biyu na gefe fa,
wa kika bar wa, awakin Sanda?

Ta yi shiru. Ta karɓe karan daga hannuna.
x sau x. x sau biyu.
Uku sau x. Uku sau biyu.
Gida biyu in sun haɗu wurin suna
kowa sai ya ba kowa hannu,
ba a tsallake mutum don yana zaune a tsakiya.

Saura tattarawa, in ji ta.
Wannan kuwa aikina ne tun ba a haife ta ba:
albasa buhunta daban, tumatir kwandonsa daban.
x biyu da x uku ƴan ɗaki ɗaya ne, sun zama biyar.
Mai hula ba ya shiga cikinsu,
shida ma ta zauna ita kaɗai.

Ban yarda da baƙo ba sai na gwada shi.
Na ce a kira shi goma.
Layi sha uku, gurbi sha biyu,
dashe ɗari da hamsin da shida, na sha yin sa da hannu.
Ta duba nata: ɗari, hamsin, shida.
Ta ƙyalƙyale har uwarta ta leƙo daga madafa.

Sai ta juya shafi.
x bakwai, a ɗebe baka,
a cikin bakan x biyu ne a ɗebe huɗu.
Nan karana ya tsaya.
Ba ni da fangalin da bai kai babu ba.

Ta ce, Baba, bara da Elhaji Nomau ya zo karɓar buhu biyu
ya ce ka rage tiya huɗu saboda ƙwari,
tiyoyin nan ina suka kwana?
Na ce, a rumbuna.
Ta ce, to alamar da ke ƙofa tana juya duk na ciki,
ragin da aka ɗebe ƙari ne.
x biyar da huɗu.

Tuwo ya huce a akushi.
Da asuba zan fita da fartanya
na ga kaji sun bi ta kan zanen,
sun bar layi ɗaya.
Na tsallake shi, ban taka ba.