Shekarar Farar Ƙasa

A Tawa, in tsofaffi na ƙidayar shekaru,
sukan ce shekarar fara, shekarar tsadar gishiri,
sannan shekarar farar ƙasa.
Ta ƙarshen da idona na gan ta, ina aji uku a lakwal.

Takarda ce ta zo daga Yamai:
Janar Marsalak zai dawo,
wanda ya ci yaƙin Turawa da ƴaƴan Adar a bayansa,
yana so ya ga garin da ya ɗebi soja kafin ya mutu.

Kwana tara ana shafe.
Katangar likita ta sha, gindin bedi ya sha,
duwatsun bakin hanya ɗaya bayan ɗaya,
har jakin Anza mai ruwa da ya gitta
ya samu rabonsa a cinya.
Mushe Kadri ya ɗura mana waƙar da ba mu san me take cewa ba,
inda harshe ya karkace, tsumagiya ta miƙe shi.
Aka raba tutar takarda:
wanda ya yaga tasa, ubansa ya biya dala.

Tsoffin soja suka buɗe akwati.
Kakin da asu ya rage musu suka sa,
suka goge lambobin da toka da lemun tsami,
aka jera su a rana tun hantsi.
Kakana Nomau bai je ba.
Ya ce buhunan albasar Alhaji Bizo ba su san Janar ba,
in ya tashi, wa zai tsare su?

Mun zaci ƙato za mu gani, mai wuyan bajimi.
Da mota ta buɗe, sai ga ɗan tsoho
ja kamar gauta, yana dogara sanda,
hannunsa na rawa a kan hula.
Farfe ya yi jawabi har inuwa ta koma gabas.
Aka ba shi rago, aka ba shi takobi da takalman fata.
Shi ko yana ta lalube a aljihu.

Wata guntuwar takarda ya ciro, ta yi laushi don ninki.
Ya ce, Numa. Ya ce, Nomo.
Tafinta ya dubi Farfe, Farfe ya dubi ƙasa.
Daga can ƙarshen layi Kafaran Jadi ya ɗaga murya:
Nomau yake nufi, yana tashar albasa!

Nan fa motoci suka bar hanyar da aka shafe,
suka faɗa lungun da ba a so ya gani,
kwata, da awaki, da shanyar tsumma,
mu kuma a guje a baya, tutoci duk sun yage.

Kakana bai miƙe ba.
Ƙafarsa ta hagu na kan tabarma,
wadda ta baro yatsu uku a ƙasar ƙanƙara
daren da ya goyo wannan mutum ya tsallake kogi da shi.
Janar ya daɗe yana kallon ƙafar.
Kakana ya ce, gaya masa ya rame,
wancan dare ya fi buhu biyu nauyi.
Tafinta ya faɗa. Tsohon ya yi dariya,
dariyar ta karye a tsakiya.
Farfe ya ce yajin albasa ne.

Kakana ya ce, tambaye shi kuma,
ƙarin fansiyon nan, raƙumi ya hau?
Janar ya ce zai rubuta.

Ruwan farko ya wanke garin tas,
ya mai da kowace katanga launin uwarta.
Bayan girbi wasiƙa ta iso: hoto ne.
Janar a tsakiya, buhuna a baya,
kakana a gefe, almakashin mai hoto ya ci rabin kafaɗarsa.
Yana nan a ɗakin innata, cikin kwanon da take ajiye allura.