Lissafin Mai Kwalekwale

Shekara ashirin da uku ina tuƙa ta
a kan Meghna, kogin da ba ya riƙe alkawari,
yau tsibiri, gobe ruwa.
Dakta Shiuli Talukdar a goshin jirgi,
akwatin sanyi tsakanin ƙafafunta
kamar kaza a kan ƙwai.

Ba ta iya iyo ba. Wannan sirrinmu ne.
In igiyar ruwa ta taso
littafin take damƙewa, ba gefen jirgi ba.

Littafin nan mai bangon leda,
gida-gida, tafki-tafki:
wa ya sha riga-kafi, wa ya ƙi,
wa ya kwanta da amai da gudawa,
wa ya tashi, wa aka kai.
Na ce, Dakta, wanda ya tafi, me lamba za ta yi masa?
Ta ce, Mokbul, shi ya riga ya tafi.
Ƙanensa nake ƙirga wa.

Daminar da ambaliya ta cinye kasuwar kifi
mun rufe goma sha ɗaya daga tsibiri guda,
busasshiyar ƙasa ma sai da muka roƙa.
Ta zauna gindin kwakwa, fitila na hayaƙi,
tana tambaya, tana goge harafi, tana sakewa,
wai ko mamaci yana da haƙƙin
a rubuta sunansa daidai.

Akwai shekarar da lissafi ya juya mata baya.
Maganin da ta ƙwallafa wa rai
ya yi wa manya garkuwa, ya bar ƙanana a fili.
Masu ba da kuɗi suka so ta sa wa maganar zuma.
Kwana uku ba ta ce mini uffan ba.
Ran na huɗu ta aika takardar yadda take,
ta saya mana shayi a mashigi,
kofin na kaɗawa a hannunta.
Bayan damina biyu muka koma gidajen nan
da wani tsari, saboda ƙananan.

Jiya aka yi mata walimar ajiye aiki a Dhaka.
Na sa rigata ta salla, na raɓe can baya, ƙarƙashin fanka.
Wani mai tabarau ya miƙe ya karanto:
maƙala ɗari da arba'in,
an ambace ta sau dubu tara da ɗoriya
a jami'o'in da ban san ta ina rana ke fito musu ba.
Aka yi tafi. Ni ma na yi,
ko da yake na kasa gane
yadda ake ambaton mutum sau dubu tara
ba a taɓa ganin faso a diddigensa ba.

Ni ma ina da lissafina, ba ya cikin takarda.
Horipodo mai shagon yadi
ya daina yanka farin ƙyalle kamu uku ya ajiye
tun kafin a zo nema.
Tuhin, da muka ɗauko a tsumma, ido ya faɗa rami,
yanzu shi ke ƙwace mini fasinja da jirgin inji,
ko gaisuwar kirki ba ya yi.
Da safe 'yan makaranta sun yi wa kwalekwalena yawa,
ina zagi, ina kwarfar ruwa,
ina cewa ku zauna, ku zauna, za ku kifar da mu.
Wannan surutun ban san a wane shafi ake sa shi ba.

Da taro ya watse ta ratso kujeru,
furanni rungume, kamar wadda aka ba ajiya.
Ba ta tambaye ni ko na ji jawabin ba.
Ta ce, jirgin yana yoyo har yanzu?
Na ce yana yi.
Ta ce, gida na ɗari huɗu da sha biyu, can arewacin tsibiri,
ba mu same su ba wancan zuwan.
Talata kana da aiki?