Inda Almakashi Ya Tsaya

Shagona a Agege yake, hawa na biyu,
bayan layin dogo, saman mai facin taya.
In jirgi ya wuce labule kan yi rawa,
sai in jira bango ya natsu kafin in danna.

Barira ta hawo da la'asar, ruwa bai gama ɗaukewa ba,
tana hutawa a kowace matakala,
wata takwas a gaba, leda a hannu,
a ciki atamfa mai ruwan ganye, ɗumin guga bai sake ta ba.
Ta ce, "Kada kowa ya ji.
A garinmu ba a nuna ciki, ciki ke nuna kansa."

Na ce, tsaya a kaikaice, 'yar'uwa.
In kin fuskance ni kai tsaye
cikin ɓuya zai yi, a ce ƙiba ce kawai.
Juya kafaɗa wajen taga,
bari haske ya gangaro ta kan tudun
yadda yake bin bayan ƙwarya a kife.
Hannu ɗaya sama, ɗaya ƙasa,
kamar mai tallafe da tulu cike,
kuma ki daina kallona, kalli abin da kika ɗauko.

Oga Rasaki, da ya koya mini aikin nan a Mushin,
bai bar mini gado ba sai magana biyu:
kada ki yanke mutum a gaɓa,
ba a wuyan hannu ba, ba a gwiwa ba,
hoto ma yana jin ciwo.
Kuma duk inda ido ya dosa, bar masa fili,
kada hanci ya yi karo da bango.

Sau goma sha huɗu na danna.
A na tara aka ɗauke wuta,
janareton maƙwabci ya yi tari, ya tashi.

Muka zauna gaban allo, kafaɗa da kafaɗa.
Na ja layi, fanka ta fita.
Na ja, wayar da ke lilo ta fita,
bokitin da ke tare ɗigon rufi,
tagar da danfo ya leƙo da rawayar fuskarsa,
Legas duka na kora waje da yatsa ɗaya.
Saura hagu,
inda babu kowa sai farin bango.
Na fara janyo gefen, zan kai shi dab da zanenta.

Ta dafa mini hannu.
"Nan ki bar shi."

Na ce wurin fanko ne, yana satar ido,
hoton zai karkata
kamar kwalekwalen Makoko da aka jibga wa kaya gefe guda.
Ta ce, "Ba fanko ba ne."
Ta miƙa tafinta a iska, daidai ƙugunta:
"Da yanzu ta kawo nan.
Shekara huɗu ke nan da azumin bana.
Na bayanta bai kai ranar suna ba,
amma shi ma ki bar masa ko taki ɗaya."

Jirgi ya wuce.
Labule ya yi rawarsa ya gama.
Shekara tara ina yanka a wannan ɗaki,
ban taɓa tambayar wa ke tsaye a inda nake yankewa ba.

Na mayar da layin inda na same shi,
na ƙara tura shi baya.
Kunnen bokiti ya dawo, da rabin taga.
Na ce, wannan fa?
Ta yi dariya, karo na farko tun hawowarta:
"Bar shi. Su ma su san inda muka zauna."

Na wanke guda ɗaya, girman tafin hannu biyu.
Ita a dama, a kaikaice, kanta a sunkuye,
farin bango a hagu, ya fi ta faɗi.
Ta sa shi cikin ninkin atamfa,
ta ƙirgo kuɗi, ta nemi ragin ɗari biyu,
na rage.

Ina jin takunta tana sauka,
matakala ɗaya, hutu,
matakala ɗaya.