Ina Kuka Ɗebo Jiya?

Shekara biyu ina yawon ƙauyukan Dukku,
biro a bayan kunne, jaka a kafaɗa,
ina tambayar abin da na riga na san amsarsa:
"Kuna jin daɗin famfon da aka haƙa muku?"
Wa zai ce a'a ga baƙo mai rigar ofis?
Kowa sai ya ce, "Madalla, Allah ya saka."
Ni kuwa in cika akwatin "eh",
in hau babur, ina ganin na yi aiki.

Sai aka sa sunana a kwas na intanet.
Ba aji, ba alli, ba benci.
Malamar tana can wata ƙasa,
fuskarta ba ta fi tafin hannuna ba.
Sabis ba ya shiga ɗakina,
sai bayan isha'i in gangara bakin tasha,
in zauna kan tsohuwar taya
inda Bappa Jungudo ke fifita garwashi.
"Yau ma karatun aljanu?" in ji shi.
Hoto ya daskare, bakin malama a buɗe,
data ta ƙare a tsakiyar magana,
in sayi wata da kuɗin kalacin gobe.

Darasi na huɗu ne ya soke ni kamar ƙaya.
Ashe tambaya ma tana da linzami,
tana jan amsa inda mai ita yake so.
Kada ka tambayi yabo, tambayi jiya.
Kada ka tsaya a zauren mai unguwa
ka ce ka ji bakin gari.
Na kife wayar a cinya.
Shayina ya huce ban kurɓa ba.
Takardu ɗari uku suka dawo mini,
duk "eh", duk da rubutun hannuna.

Ranar Talata na koma.
Ban bi gidajen da aka saba nuna mini ba,
na ƙirga da yatsa: in tsallake huɗu, in yi sallama a na biyar.
A gindin tsamiya na sami Goggo Dudu
tana kife ƙore a kan kara.
Na tsuguna. Na ce, "Goggo,
ruwan da kuka sha jiya, ina kuka ɗebo?"
Ta nuna gabas da haɓa:
tafki, inda shanu ke sha,
a fita da hantsi, a dawo rana ta take.
"To famfon fa?"
"Zartsi ne, ɗan nan.
Sabulu ba ya kumfa, wake ba ya nuna.
Ko jaki sai ya yi shawara."
"Me ya hana ku faɗa?"
Ta karkaɗe hannu a zane, ta dube ni:
"Ka tambaya?"

Gida arba'in na zaga.
Talatin da ɗaya, tafki.
Na rubuta adadin yadda ya zo,
ban shafa masa mai ba.
Malam Gidado ya karanta, ya cire tabarau:
"Wannan zai ɓata mana rahoto."
Na ce, "Ranka ya daɗe,
ranar wanka ba a ɓoyon cibi."
Ya daɗe bai tanka ba.
Da la'asar ya miƙo mini gora biyu,
wai in cika a famfon, a kai Gombe a auna.

Har yanzu ba a dawo da sakamako ba.
Goggo tana nan tana bin hanyar gabas.
Takardar shaidata ta zo cikin waya,
ba ƙusar da za ta riƙe ta a bango.

Daren jiya, ina cikin darasi na tara,
Bappa ya ɗora mini kofi, ya ce,
"Shayina akwai daɗi, ko?"
Na yi dariya har hoton ya girgiza.
"Bappa, ba haka ake tambaya ba.
In na tashi, ka leƙa kofin."