Littattafai Biyu a Teburin Nemesia

A Potosí, bayan an tashi daga makaranta,
Nemesia ta ajiye littattafai biyu
gefen shayin da ya riga ya huce.

Na farkon bai rage komai ba.
Ya ƙirga saukar bel ɗin uban Fermín,
sau goma sha ɗaya, ya ce ƙarfen bakin ya fi cizo.
Ya leƙa tukunya: dankali uku, baki shida.
Marubucin ya kwance gyambo ya ce kowa ya duba,
har takardar na warin kananzir da giya.
Ta karanta, ta yi kuka, ta samu barci.

Na biyun siriri ne, da raha yake tafe.
Basilia na tsintar duwatsu a bakin ramin azurfa
tana raɗa wa kowanne suna.
Ba inda aka ce an doke ta.
An dai ce ta san takun kawunta a matakala,
ta san daren da yake jan ƙafar hagu,
ta kuma koyi kwana da takalmi.
Shi ke nan. Babi na gaba ana bikin gari.

Wannan ne ya hana ta runtsawa.

Gobe ɗalibai za su ce, wanne ya fi gaskiya?
Za ta ce mai ihu ya sauke kayansa a gabanka,
mai shiru kuwa kai ya ɗora wa.

Ba za ta gaya musu ba
cewa da shekara hamsin da biyu a duniya
sai ta dubi ƙafarta
kafin ta kashe fitila.