Ranar Gwajin Barguna a Wick

Sanyi ya kawo jiki, teku na ta tari,
muka buɗe zauren gari da ƙarfe tara.
Aikina gwada bargon lantarki:
in shimfiɗa, in shafa, in bi waya da yatsa
yadda unguwarzoma ke laluben ciki.

Goma sha ɗaya na gwada kafin shayi,
huɗu suka faɗi.

Sai ga Lachlan Gunn, tsohon masunci,
rungume da bargo ruwan hoda
kamar wanda aka ba ajiyar jariri.
"Elspeth ta saya," in ji shi,
"shekarar da muka rabu da jirginmu.
Talatin da shida ke nan. Bai taɓa ba ni kunya ba."

Na shimfiɗa.
Wayoyin ciki sun cure wuri guda
kamar jijiyoyin ƙafar da ta gaji.
Robar igiya ta dare a wuya, jan ƙarfe na leƙe.
Can gefen hagu ga tabo, launin ƙanzo,
faɗinsa bai kai kwabo ba.
Na kai hanci. Ƙauri.

Na ce, "Nan wa ke kwana?"
Ya dubi taga.
"Ba kowa, shekara huɗu.
Ina dai kunna mata gefenta,
in ninke rigar ulunta in ɗora,
kada wurin ya huce."

Wuta ba ta san takaba ba.
Zafin da aka danne shi ke cin katifa,
ba ya sallama, ba ya jiran asuba,
hayaƙi yake turowa gaba
ya ƙara wa mai barci barci.

Na so in ce gyara kayanka,
amma wannan sauke mu raba ne.
Na ɗauko almakashi.
Ya riƙe mini hannu: "Kawo.
Igiyar da na ɗaura, ni ke yanke ta."
Ƙaras. Filogi ya faɗi kan tebur.

Na miƙa masa sabo, mai kashe kansa in ya yi zafi.
Ya juya kwalin, ya karanta har ƙasa,
ya cusa tsohon a hammata, ba igiya, ba rai.
A bakin ƙofa ya waiwayo:
"To gefenta fa?"

Bayansa mutum bakwai na jira da ledoji.
Na ce, "Matsa tsakiya, Lachlan.
Ka ɗumama shi da kanka."