Jirgi Biyu a Ƙasan Ruwa

Da la'asar nakan gangaro gaɓa ta bayan Kabala,
in zauna kan dutsen da masu wanki suka bari,
ina kallon 'yan yashi.
Kogin Kaduna ya yi kauri kamar kunun kanwa,
in ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina nutso a Bahar Maliya,
tukunyar iska a gadon baya, ƙafafun roba irin na agwagwa.
Akwai wani jirgi can ƙasa, ya kishingiɗa
kamar tsohon da zama ya gundura.
Murjani ya cinye shi.
Ba irin cin tsatsa ba,
ƙunshi ya yi masa, ja da ruwan goro da shuɗi,
ya haye sitiyari, ya toshe tagogi,
kifaye 'yan mitsi-mitsi na shige da fice
a ɗakin da wani ya taɓa yin barci.
Na tarar da wata buta, bakinta ya tsiro fure mai tauri.
Ban ɗauka ba.
A can ba ka jin komai sai numfashinka,
kumfa na hawa ɗaya bayan ɗaya kamar ana jan carbi.

Jiya na ba Jatau labarin,
yana tsugune yana matse rigarsa.
Shi ba tukunya, ba gilashi,
bokitin ƙarfe ne kawai da huhun da Allah ya ba shi.
Ya saurara har na kai aya, ya ce,
"Baba, ai mu ma muna da namu.
Kwalekwalen yayana, damina uku ke nan,
yana nan inda ruwa ke juyi, gab da gada.
In na nutsa nakan taɓa bakinsa da ƙafa.
Gansakuka ce kawai, da santsi.
Wani lokacin tarwaɗa."

Ban tambaye shi yayan ba.
Shi ma bai tambaye ni mutanen jirgin ba.

Tifa ta iso tana hayaƙi, aka ƙwala masa kira.
Ya ja numfashi dogo, irin wanda ni sai da tukunya,
ya yi ƙasa.
Sai na tsinci kaina ina ƙirga
kamar yadda aka koya mana,
talatin da ɗaya, talatin da biyu,
idona kan inda ruwa ya rufe,
har bakin bokitin ya ɓullo,
sannan kansa.